Raɓar da Ta Shekara Ɗari Ba Raɓa Ba Ce



Kwanan nan muka sauke littattafai uku da aka rubuta a kan 'yan'uwanmu mazauna ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Na farko na Mark Duffield ne, ya fito a 1981, ya ɗauki garin Mai Wurno ya bi diddigin noma da ƙwadago da sarauta a cikinsa. Na biyu shi ne Permanent Pilgrims na Bawa Yamba, na 1995, wanda sunansa ke nufin maniyyata na dindindin. Na uku na Farfesa Al-Amin Abu Manga ne, Hausa in the Sudan, na 1999, a kan yadda Hausa ke sauyawa saboda zama da Larabci.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne martanin da muka ji daga bakin makaranta a nan gida. Kusan duk wanda ya rufe littafin Yamba sai ya yi ajiyar zuciya ya ce: Allah sarki, bayin Allah sun maƙale a hanya, me zai hana su dawo gida? Wanda ya leƙa na Abu Manga kuwa sai ya girgiza kai ya ce Hausarsu ta lalace. Mun san tausayi da kishi ne suka kawo waɗannan kalamai, amma muna adawa da su duka biyun, domin tausayin nan yana da kaifi, kuma wanda ake tausaya wa shi yake yanka.

Mu fara da tarihi. A ranar 27 ga Yuli, 1903, sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira suka nausa gabas, a wajajen 1906 suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yau ke ɗauke da sunansa. Tun kafin su, ayarin alhazai daga Kano da Katsina da Borno sun daɗe suna ratsa Wadai da Darfur zuwa Suwakin, da yawa suna yada zango, zangon ya zama gari. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun auduga na Jazira, wanda daga baya ya faɗaɗa ya kai wajen faddan miliyan 2. Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda mutanen ƙasar ke haɗawa su kira Fallata ko Takari, suna cikin waɗanda suka yi shuka da noma da tsinkar audugar da ta riƙe baitulmalin Sudan shekara da shekaru.

To, mai karatu, ka lissafa. Daga 1906 zuwa yau an doshi shekara 120. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, rana na fitowa sai ya bushe. Wanda kakan kakansa ke kwance a maƙabartar ƙauye, shi ma a nan aka yanke masa cibiya, ta yaya za a ce masa raɓa? Wane gida ake so ya dawo? Unguwar da kakansa ya bari a zamanin Sarkin Kano Abbas, wa ya ajiye masa ɗaki a cikinta?

Za a ce mana: ai su da bakinsu suka gaya wa Yamba cewa su maniyyata ne. Gaskiya ne, ba mu ƙaryata marubucin ba. Ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen masu hijira ke ɗaukar kansu a matsayin masu kan hanyar Makka, suna tara guzuri, dillalan tafiya na cinye shi, su sake tarawa. Wannan bincike ne mai daraja. Amma niyyar hajji al'amari ne tsakanin bawa da Ubangijinsa. Dattijon da ke Dawakin Kudu ya shekara arba'in yana tara kuɗin kujera, ba wanda ya ce gonarsa ta zama ta aro saboda zuciyarsa na Makka. Me ya sa niyya ɗaya za ta bar wa na Kano gadonsa, ta ƙwace wa na Wad Madani nasa?

Akwai kuma abin da mai gaggawar karatu ke tsallakewa, wato doka. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta ɗora sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Mai Wurno da jama'arsa sun iso bayan wannan rana da shekara tara. A gandun Jazira, hawasha, wato gonar da hukuma ke damƙa wa manomi, mafi yawanta ta tafi hannun wasu, su kuma mutanenmu aka bar su da ƙwadago da noman raba-daidai, da yawa suna zaune a kambo, unguwannin ma'aikata da ke gefen magudanan ruwa. Wanda ba shi da takarda, ba shi da tabbacin filin da yake kai, dole ya yi gini na wucin gadi. Idan ya ce shi matafiyi ne, akwai imani a maganar, akwai kuma dabarar wanda aka hana shi cewa nan ne gidansa. A nan littafin Duffield ke da amfani, domin yana tilasta wa mai karatu ya tambayi wa ke da ƙasa, wa ke da ƙarfin damtse, wa ke cin riba.

Kada a ɗauka musun malamai muke yi a inuwa. Kalmar baƙo ta sha jini a ƙasar nan. A 2008 wata jarida a Khartum ta jingina wa Shugaba Umar al-Bashir maganar da ke cire Hausawa daga cikin 'yan ƙasa, Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif. A Yulin 2022, bayan Hausawan jihar Shuɗin Nilu sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu aka ƙi, faɗa ya ɓarke a Rusairis da kewayenta, aka rasa rayuka fiye da 100. A Oktoban shekarar aka sake a Wad al-Mahi, aka kashe wajen mutum 200. An mutu ta kowane ɓangare, kuma maƙwabtansu na da nasu tsoron game da ƙasar kakanninsu, wanda bai kamata a raina ba. Amma hujjar da aka riƙa ɗagawa a kan Hausawa ita ce su baƙi ne, baƙo kuwa ba ya sarautar ƙasa. Yanzu ka duba: mutumin Kano da ke cewa su dawo gida, da mai ɗauke da makami da ke cewa su koma inda suka fito, maganarsu ɗaya ce. Bambancin kawai ɗaya da hawaye yake faɗa, ɗaya da wuta.

Batun harshe ma haka. Abu Manga, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, aikin masani ya yi: ya nuna inda Larabci ya shiga kalmomi da lafazi. Mu da muke cewa mota da tebur da asibiti da makaniki, da wane baki za mu ce wa na Sinnar ya gurɓata Hausa? Na Maraɗi ya ɗebo daga Faransanci, na Kumasi ya ɗebo daga maƙwabtansa, ba wanda ya kore su daga zuri'a. Kuma aron bai tsaya gefe ɗaya ba. Naman da ake gasawa da ƙuli da yaji a titunan Khartum da Omdurman, sunansa agashe, kowa ya ji ya san daga bakin wa ya fito. Mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a shekarun 1940, A'isha al-Fallatiya, 'yar mutanenmu ce, kuma Sudan na ƙirga ta cikin nata.

Laifi mafi girma namu ne. Littattafan nan uku da Turanci suke, an buga su a Turai. Tsohuwar da ke kambo, wadda labarin irinta ya cika shafukan, ba ta da hanyar jin abin da aka ce a kanta, balle ta ce nan an yi daidai, nan an kauce. Muna da sassan Hausa a Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, muna da maɗaba'u a Kano da Zariya. Me ya hana a fassara su? Me ya hana a nemi marubuta 'yan Jazira da Damazin su rubuto nasu, da boko ko ajami ko Larabci, a buga? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Lokaci kuwa ba ya jira. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya isa Wad Madani a Disamban shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, ya tarwatsa ƙauyuka. Duk dattijon da ya rasu a gudun hijira, ya tafi da sunayen zangunan da iyayensa suka bi da iyakokin gonakin da suka share. Ranar da za a zauna rabon ƙasa bayan yaƙi, irin wannan shaida za a nema.

Saboda haka idan muka sauke littafi a kansu, mu bar cewa Allah Ya dawo da su. Mu ce Allah Ya zaunar da ƙasarsu lafiya, Ya mayar da su gonakinsu da ke bakin Nilu, mu kuma Ya ba mu ikon sauraronsu kafin mu yi musu hukunci. Amin.