Mu tafi da guzurinmu

Ƴan lakwal da yawa suna zuwa gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a shekara ta 1959. Can suna kallon zaki da kura da dorina. Amma kallo ba ya cika ciki. In rana ta take, yunwa sai ta taso.

A ganina, gara kowa ya zo da guzurinsa: ƙosai, gyaɗa, dabino da gorar ruwa. Ranar salla mutane sun yi yawa, abincin sayarwa yakan ƙare da wuri. Wanda ya kashe kuɗinsa wajen mai tsire, da me zai shiga mota? Mai guzuri kuwa har ya sam ma abokinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya.