Kira Ga Shugabannin Makarantun Sakandare Na Sakkwato Kan Jaridar Ɗalibai

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da jama'a ke gani ƙarami ne, alhali kuwa yana da nasaba da irin manyan goben da muke reno. Al'amarin kuwa shi ne yadda ake tafiyar da kulob ɗin 'yan jarida na ɗalibai a makarantunmu na sakandare a nan birnin Shehu.

A matsayina na malamin makaranta, abin da nake gani shi ne, a makarantu da dama akwai wannan kulob a takarda, amma aikinsa bai wuce yaro ɗaya ya fito ranar Litinin wurin asambuli ya karanta labaran da ya kwafo daga rediyo ko wayar salula ba. Mujallar makaranta kuwa sai ranar bikin yaye ɗalibai ake tunawa da ita, ita ma rabinta hotunan manyan baƙi ne. Da an yi magana sai a ce ai babu kuɗi. Ni kuwa a ganina rashin tsarin shugabanci ya fi rashin kuɗi kashe waɗannan ƙungiyoyi, kuma ga dalilaina.

Na farko, yadda ake naɗa edita. Sau da yawa malami ne zai duba aji ya ɗauko wanda ya fi kowa zuba Turanci, ko kuma a ɗora wa shugaban ɗalibai, wanda da ma aiki ya yi masa yawa. To, iya Turanci daban, iya jan ragamar mutane daban. Editan kirki shi ne mai haƙurin karanta rubutun ɗan aji ɗaya ya gyara masa ba tare da ya kunyata shi a gaban 'yan'uwansa ba, mai iya tambayar abokinsa ina aikin da aka ba shi ba tare da an yi faɗa ba. Wanda aka naɗa don bakinsa kaɗai, shi ne za ka ga ya rubuta labari, ya rubuta sharhi, ya yi waƙa, ya kuma karanta da kansa, sauran yara ashirin suna zaune 'yan kallo. Kafin zango ya ƙare duk sun watse. Ai Hausawa sun riga sun faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, rashin magaji. Duk muƙamai suna hannun 'yan aji shida. Da zarar jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato sai hankalinsu ya koma can, kuma ba laifinsu ba ne. Suna fita makaranta kulob ya mutu murus, baɗi a sake farawa daga tushe kamar ba a taɓa yi ba. Ko tsofaffin kofe-kofen da aka buga ba a ajiyewa, balle littafin rubuta abin da aka tattauna a taro.

Na uku, wasu shugabannin makarantu na son jaridar ta zama kakakin ofishinsu. Yaro ya rubuta cewa famfon ɗakin kwana ya yi wata guda ba ruwa, sai a kira shi a ce ya yi rashin kunya. Haba jama'a! Yaron da aka koya wa cewa faɗin gaskiya cikin ladabi laifi ne, me ake jira ya zama in ya girma ya riƙe ofis?

Abin mamaki shi ne, mu Sakkwatawa ba mu da buƙatar zuwa Ingila ko Amurka neman yadda ake haɗa mutane su yi aikin ilimi tare. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma ba ta tsaya ita kaɗai ba. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta zaɓi mata masu natsuwa ta koyar da su, ta naɗa su jajoji da malfa a ka, su kuma suka riƙa kai karatu ƙauyuka suna kawo wasu matan. Shi ya sa aikin bai mutu da rasuwarta ba. Haka kuma Shehu Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun yi rubuce-rubuce a kan shugabanci, inda suka ƙarfafa shawara da adalci da ba kowane aiki ga wanda ya cancanta. In muka dawo zamanin boko, lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, malamin makarantar Midil ta Katsina aka ɗauko ya zama edita, wato Alhaji Abubakar Imam, kuma da taimakon abokan aiki ya riƙe ta. A shekarun 1950 lardin Sakkwato ma yana da jaridarsa ta Hausa mai suna Zaruma, wadda hukumar NORLA ta riƙa bugawa. Ashe ke nan wanga aiki gadonmu ne.

Saboda haka ga 'yan shawarwarina.

Ɗaya, a bar 'yan kulob su zaɓi editansu da kansu, bayan kowane mai so ya nuna rubutun da ya yi a zangon da ya wuce, malami yana zaune yana sa ido. A kuma kafa doka cewa mataimakin edita daga aji biyar zai fito, kuma za a miƙa masa ragama tun a zango na biyu, kafin 'yan aji shida su shiga hidimar jarrabawa. Tsohon edita ya koma mai ba da shawara.

Biyu, a raba aiki kowa ya san nasa. A samu masu ɗauko labarin wasanni, da na ɗakin kwana da kicin, da na masallaci da muhawara. A samu mai gyaran rubutu, da mai zane, da mai kyakkyawan rubutun hannu, da mai riƙon ɗan kuɗin kulob tare da littafin lissafi. Yaro mai kunya wanda ba ya iya tsayawa gaban asambuli, wataƙila shi ne ya fi kowa ganin kuskuren rubutu. A ba shi wannan kujera, sai a ga abin mamaki.

Uku, a yi taro sau ɗaya a mako, ko da na rabin awa ne, a tsayar da wa zai kawo me, kuma wace rana. Wanda ya saɓa sau biyu ba uzuri a ba wani aikinsa, ko da abokin edita ne. A nan ne yaro ke koyon cewa shugabanci amana ce.

Huɗu, kada a jira kuɗin ɗab'i. Kwali huɗu da alƙalami mai kauri da allon sanarwa sun isa a fitar da jaridar bango duk mako biyu. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta kuwa ta ba yaran awa ɗaya su buga. A ajiye kofe ɗaya na kowace fitowa a laburare.

Biyar, a buɗe ƙofa ga Hausa da Larabci, har da ajami. Yara nawa ne ke da basira da labari a bakinsu, amma tsoron a yi musu dariyar Turanci ya sa suka yi shiru?

Shida, malamin da ke kula da kulob ya zama mai gyara, kada ya zama shi ne marubuci. Shi da shugaban makaranta da yaran su zauna tun farkon shekara su yarda a kan ƙa'ida: ba zagi, ba cin mutunci, ba a buga ƙorafi sai an ji ta bakin wanda abin ya shafa. In an cika waɗannan sharuɗɗa, to a bar rubutu ya fita. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Na san wasu iyaye za su ce wannan duk ɓata lokacin karatu ne. Ina roƙonsu su duba takardar jarrabawar Turanci ta WAEC: akwai rubutun wasiƙa, da insha'i, da taƙaita bayani. A takardar Hausa ma akwai insha'i. Yaron da ya shekara uku yana rubutu ana gyara masa, wa zai gwada masa waɗannan? Ban da haka, yau kusan kowane matashi da wayarsa, yana tura duk abin da ya gani a Facebook da WhatsApp ba tare da ya tambayi daga ina ya fito ba, kuma duk mun san irin fitinar da jita-jita ke haddasawa a gari. Wanda ya saba tun yana aji huɗu cewa ba a yaɗa labari sai an tabbatar, da wuya a yi amfani da shi wajen hura wutar rikici. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ƙarshe ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jiha da ta shirya gasar jaridun makarantu duk shekara, inda manyan makarantu masu tarihi irin su Kwalejin Nagarta da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnati da Kwalejin Gwamnatin Tarayya za su kara da takwarorinsu, kuma a ba da kyautar ga kulob gaba ɗaya maimakon mutum ɗaya. Ina kuma roƙon ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ reshen jiha, da gidan Rediyon Rima, da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu aikin jarida a harabar jami'a, da su riƙa leƙa waɗannan ƙannen nasu ko da sau ɗaya a zango. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ma su tuna, kuɗin kwali da tawada bai kai na lemon taro ɗaya ba.

Allah ya sa masu abin su ji, ya kuma shirya mana zuri'a, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Wani malamin sakandare,
Sakkwato.