Kasuwannin waje na ayyukan hidima a Jihar Kano

Fitar da ayyukan hidima shi ne sayar wa mutanen wata ƙasa aiki ko ƙwarewa maimakon kaya, kamar sufuri, koyarwa, jinya, harkar banki da fim. Idan magini ya tashi daga Kademi, a ƙaramar hukumar Gaya, ya je Maraɗi ya yi gini aka biya shi, hidima ya fitar ko da babu ofishin da ya rubuta hakan. Haka ma idan ɗan Nijar ya zo Kano ya biya kuɗin asibiti.

Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, AfCFTA, a Yamai cikin watan Yulin 2019. Yarjejeniyar ta fifita ɓangarori 5 na hidima: sufuri, sadarwa, harkar kuɗi, yawon buɗe ido da ayyukan ƙwararru.

Harshe da kasuwa

Hidima ta bambanta da buhun riɗi domin sai mai saye ya fahimci mai sayarwa. Shi ya sa kasuwar da ta fi dacewa da Kano ita ce inda ake jin Hausa: Nijar, arewacin Kamaru, zangunan Akara da Kumasi a Ghana, da Hausawan Sudan da Saudiyya. Kannywood ce babbar shaida. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, finafinan Kano ke shiga waɗannan wurare ba tare da fassara ba, kuma tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta ƙara faɗaɗa masu kallo.

Sai dai yawan masu kallo daban, kuɗin shiga daban. Satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, masu shirya fim suka koma YouTube, inda kuɗin talla a kan mai kallo na Afirka ta Yamma bai kai na mai kallo a Ingila ko Amurka ba. Don haka Hausawan da ke zaune a Turai, duk da ƙarancinsu, ba abin rainawa ba ne.

Nijar

Nijar ce ta fi kusa, kuma idan Naira ta faɗi, aikin Kano kan yi wa mai riƙe da Sefa araha. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ƙarƙashin kamfanin Mota-Engil, zai iya ƙarfafa harkar sufuri. A fannin ilimi kuwa, kuɗin kan bi ta ɗaya hanyar, domin ɗaliban Kano da dama na karatu a Jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi.

Babban haɗarin wannan kasuwa siyasa ce. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an kuma sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Direbobi da 'yan ci-rani ne suka fi jin jiki, alhali fim da ke intanet bai tsaya ba. Nijar ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, wanda hakan ya sa 'yancin shiga da yin aiki ya dogara ga abin da ɓangarorin biyu suka daidaita a kai.