SHIN MAI ƘURI'A YA KAN SAKE SHAWARA?



Ran Laraba bayan La'asar muna zaune a wata rumfa cikin kasuwar Kurmi, sai gardama ta sarƙe tsakanin wani dattijo dillalin fata da wani saurayi ɗan koli. Abin da ya kawo ta shi ne kiran nan da a ke ta yi, wai a yi ƙuri'ar raba gardama a kan yadda za a zauna a ƙasar nan. Dattijon ya ce ɓata lokaci ne, gama talaka in ya kafe ya kafe, ko sau goma aka tambaye shi abin da ya faɗa jiya zai maimaita. Saurayin ya ce ina, ai talaka hawainiya ne, wanda ya zo ƙarshe da tsaba shi ne nasa. Aka juyo gare mu aka ce tun da mu ke riƙe da littattafan jam'iyya, mu raba su. Muka ce sai a jarida. To, ga cikon alkawari.

A ganinmu dukansu biyu ba su yi wa talaka adalci ba. Ba kuwa sai mun tafi ƙasar Turai neman shaida ba, don an taɓa yin irin wannan ƙuri'a a ƙofar gidanmu, har sau biyu, a kan magana guda.

Bayan yaƙin duniya na fari, Ingila da Faransa suka raba ƙasar Kamaru da ke hannun Jamus. Rabon Ingila wani siririn yanki ne da ya bi iyakarmu ta gabas. Ɓangarensa na arewa, watau Dikwa da Gwoza da Mubi da Ganye har tsaunin Mambila, aka haɗa shi da lardunan Jihar Arewa don sauƙin mulki, ko da ya ke a kan takarda amana ce, wadda daga 1946 ta koma ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Da mulkin kan Nijeriya ya matso, sai Majalisar ta ce a tambayi masu ƙasa.

Ran 7 ga Nuwamba, 1959, aka aje akwati biyu. Na ɗaya, a zauna cikin Jihar Arewa in Nijeriya ta sami mulkin kai. Na biyu, a dakata sai gaba a yanke shawara. Maza kaɗai suka jefa. Mahukuntan Kaduna sun ɗauka an gama, don mutanen nan da mu su ke kasuwa, haraji kuma ga En'e su ke biya tun kakanni. Da aka ƙirga sai ga 70,546 sun ce a dakata, 42,788 kaɗai suka ce Nijeriya. Labarin ya girgiza Kaduna ƙwarai.

Me ya faru? Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Yawancin mutanen duwatsun nan an ɗora musu hakimai ne daga Yola, waɗanda ba su zaɓa ba, ba su kuma da ikon tuɓewa. Haraji ya fita, asibiti da makaranta da hanya ba su shigo ba. Tsofaffinsu kuwa ba su manta da Hamman Yaji hakimin Madagali ba, wanda ya yi ta kai musu hari yana kama bayi har Turawa suka tuɓe shi a 1927. Mutumin da bai taɓa samun bakin magana gaban hakimi ba, yau an ba shi takarda an ce shiga ɗaki kai kaɗai, ba dogari ba ɗan doka. Ashe kuwa zai faɗi abin da ke ransa.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. In mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, ai bai tashi kasuwa ba, cewa ya yi tayin bai kai ba. Ƙuri'ar 1959 albarka ce. Kada dai wani ya ji mun ce ciniki ya zaci sabulu da turmin atamfa mu ke nufi. Abin da mutanen nan suka nema a ƙara musu shi ne mutunci da iko a kan garinsu.

Aka kuwa ƙara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a gyara mulkin En'e, a raba mulkin yankin da na Nijeriya, a sake ƙuri'a, mata kuma su jefa. Cikin 1960 aka zare ƙasashen nan daga hannun En'en Adamawa, aka kafa sababbin En'e na kansu a Mubi, da ƙasar Chamba, da Gashaka-Mambila, Gwoza ma ta sami tata. Daga 1 ga Oktoba, 1960, wani Bature, Sir Percy Wyn-Harris, ya riƙe yankin dabam. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya yi alkawarin in sun zo za su zama lardi mai zaman kansa, ba mai mayar da su inda suka fito.

Ran 11 da 12 ga Fabrairu, 1961, aka koma akwati. Nijeriya ta sami 146,296, Jamhuriyar Kamaru 97,659. Watau cikin wata goma sha biyar, inda dā shida cikin goma suka ƙi, yanzu shida cikin goma sun yarda. Ran 1 ga Yuni, 1961, yankin ya shigo Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Yau ƙasarsa tana cikin jihohin Borno da Adamawa da Taraba.

Amma ba za mu ɓoye muku sauran lissafi ba, don mu ba maroƙa ba ne. Na fari, tambayar ta sake. A 1959 akwai ƙofar jira, a 1961 an toshe ta, ko Nijeriya ko Kamaru. Na biyu, masu jefawa sun ninka, daga 113,334 zuwa 243,955, saboda shigowar mata. Ku lura, matan Mubi sun jefa ƙuri'a a 1961, matan cikin birnin Kano kuwa sai 1979 suka jefa a zaɓen ƙasa, bayan shekarun da su Hajiya Gambo Sawaba suka yi suna shan ɗauri a kan maganar. Na uku, masu ƙi ba su ɓace ba. A ƙasar Chamba mafi yawa Kamaru suka zaɓa. Shugaba Ahmadu Ahidjo ya ce an yi masa cuta, ya kai ƙara Kotun Duniya, a 1963 kotun ta ce ba za ta yanke hukunci ba. Duk da haka abu ɗaya ya tabbata: da aka taɓa wurin da ke ciwo, ƙuri'a ta motsa. Gani ya kori ji.

Yanzu mu leƙa arewa da Katsina, mu ga inda ba a sake tambaya ba. Ran 28 ga Satumba, 1958, Janar de Gaulle ya tambayi ƙasashen da Faransa ke mulka, ko su zauna cikin tarayya da ita, ko su tafi nan take. A Nijar, Djibo Bakary da jam'iyyarsa Sawaba suka ce a'a. Gwamnan Faransa ya jawo sarakuna gefensa, na'am ta sami wajen 78 cikin ɗari, masu fitowa kuma ba su kai huɗu cikin goma ba. A 1959 aka haramta Sawaba. Ran 3 ga Agusta, 1960, Nijar ta sami mulkin kan nan da aka ce wa jama'a halaka ne. Shin mutanen Maraɗi da Damagaram sun sake shawara a tsakani? Ba akwatin da aka aje musu balle a ji.

Haka mutanen Ingila. A 2016 kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita daga Tarayyar Turai, 48 suka ce a zauna, aka fita a 2020. Masu bin ra'ayin jama'a sun sha samun cewa masu nadama sun fi yawa, amma ba a mayar da su akwati ba. Zaɓen ɗan majalisa kamar kasuwar ƙauye ne, in ka yi asara yau, wani mako tana ci. Ƙuri'ar raba gardama kuwa kamar sayar da gidan gado ce, in an shafa fatiha da na sani ƙeya ce.

Mu a nan birni mun san zafin rashin tambaya. A 2019 aka raba masarautar Kano gida biyar, a 2024 aka soke dokar. Ko wanne gefe mutum ya ke, ya san duka sau biyun ba wanda ya zo Kurmi ko Ƙofar Wambai da akwati. Tsarin mulki na 1999 ma bai tanadi irin wannan ƙuri'a ba sai wajen ƙirƙiro jiha ko ƙaramar hukuma, ko kiranyen ɗan majalisa.

Saboda haka ga nasiharmu. In ranar ta zo aka ce za a tambaye ku, kafin ku ce na'am ko a'a, ku tambayi wa ya rubuta tambayar, ƙofa nawa aka bari a buɗe, wa zai ƙirga, kuma ko akwai dawowa in an ga ba daidai ba. Ku kuma 'yan jam'iyya masu fita lacca, in unguwa ta ƙi mu, kada wanda ya ce jahilai ne ko an saye su. Ku koma, ku zauna a zaure, ku tambayi inda ke yoyo. Wanda ya zagi mai kaya don ya ce albarka, shi ya tashi cinikin da kansa.

Baba dillali, talaka ya kan sake shawara. Kai kuma samari, ba ya sakewa a banza, sai ya ga canji da idonsa. Allah ya sa mu dace, amin.