Hoto Shaida Ne, Ba Kwalliya Ba

A ganina, lokaci ya yi da makarantun sakandare na Gaya da Ajingi za su mai da kyamarar wayar hannu kayan nazarin halittu. Gani ya kori ji, amma fa sai in abin da aka gani gaskiya ne.

Alal misali, tsutsar nan mai cin masara da dawa, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016 daga nahiyar Amurka, ana gane ta da alama kamar harafin Y a kife a goshinta, da baƙaƙen ɗigo 4 kusa da wutsiya. Hoton da bai nuna waɗannan ba yana iya ruɗar malamin gona, manomi ya sayi maganin da bai dace ba.

Saboda haka ɗalibi ya goge idon kyamara, ya ɗauki hoto da safe ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana disashe launi. Ya ɗora tsutsar bisa farar takarda, ya ajiye rula a gefenta don a san tsawonta, sannan ya rubuta sunan ƙauye da kwanan wata.

Wajen gyara kuwa, ya isa a datse gefe, a ɗan ƙara haske. Amma kada a taɓa launi. Ganyen da ya yi ɗorawa saboda ƙarancin taki, in aka mai da shi kore shar, an warkar da hoto ne, an bar matsalar a gona. A kuma adana hoton asali.

Malamai, ku fita da ɗalibanku gonakin makaranta da damina, su gwada wannan da hannunsu.