Labaran jinin da gari ya rufe

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da finafinai da ya haɗa abubuwa biyu waɗanda a ka'ida ba sa zama inuwa ɗaya: binciken kisan kai, wanda ke tafiya da hujja da shaida, da labarin fatalwa, wanda ba ya neman izinin hujja. Abu uku ke tsayar da shi. Akwai jinin da aka zubar tun da daɗewa ba a hukunta kowa ba, akwai ƙauye ko tsibirin da ruwa ko dutse ko ƙanƙara ya raba da sauran duniya, sannan akwai mamacin da ya ƙi kwanciya. Mutane na fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wani baƙo ko jami'i ya shiga bin sawu, sawun kuma ya kai shi ga abin da dattawan garin suka sani suka ƙi faɗa. Masu raina irin waɗannan labarai suna ɗaukarsu kayan tsorata yara. Waɗanda aka rubuta da kyau a cikinsu magana suke yi a kan shari'ar da ta gaza.

Tushen abin ya girmi littattafan bincike da ɗaruruwan shekaru. A ƙarni na 13, a ƙasar Sin, Guan Hanqing ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Dou E, wata matashiyar bazawara da aka ɗora wa kisan da ba ta yi ba. Wani ɗan iska ne ya zuba guba a miya don ya kashe surukarta, sai mahaifinsa ya sha ya mutu, shi kuma ya juya laifin kanta. Dou E ta amsa laifin ne don kada a yi wa tsohuwar dukan da aka yi mata. A filin kisa ta yi alwashi uku: jininta ba zai taɓa ƙasa ba, ƙanƙara za ta sauka a tsakiyar lokacin zafi, kuma yankin Chuzhou zai yi fari na shekara uku. Duk suka tabbata. Daga baya mahaifinta ya dawo yankin a matsayin babban jami'i mai duba tsofaffin shari'o'i, kuma a nan ne wasan ya yi abin da har yau ake kwaikwayo. Fatalwar ba ta shaƙe kowa ba. Takardar shari'arta take ɗaukowa daga ƙasan tulin takardu ta mayar sama, in ya ture ta sake mayarwa, har ya karanta. Abin da mamaciyar ke nema shi ne a sake zaman kotu, fari kuwa ya faɗa wa yankin gaba ɗaya saboda a gaban mutanensa aka yi zaluncin.

Ko a tarihin kotunan gaske akwai makamancin haka. A 1897, a gundumar Greenbrier ta jihar West Virginia a Amurka, an binne wata amarya mai suna Zona Heaster Shue a kan cewa ciwo ne ya kashe ta. Mahaifiyarta ta dage cewa 'yarta ta zo mata cikin dare ta ce mijinta ne ya karya mata wuya. Mai gabatar da ƙara ya sa aka tono gawar, aka tarar wuyan a karye, mijin ya sami ɗaurin rai da rai. Binciken likita ne ya kama shi. Maganar fatalwa aikinta ɗaya, ta sa an buɗe kabarin da kowa ya yarda a rufe.

Da labarin bincike na zamani ya kafu a Ingila, sai ya kori fatalwa daga gidansa. A littafin The Hound of the Baskervilles na Arthur Conan Doyle, wanda ya fito a 1902, ana tsoron wani karen tsinuwa da ke bin zuriyar wani gida a dajin Dartmoor, amma Sherlock Holmes ya gano kare ne na gaske da wani magaji ya shafa wa sinadari mai ƙyalli a duhu don ya ci gado. A 1929 Ronald Knox ya jera ƙa'idoji goma na wannan fanni, ta biyunsu ta haramta sa hannun duk wani abu na gaibu. Dalilin a bayyane yake: mai karatu yana gasa da jami'in bincike, in aljani zai iya ratsa bango to babu sauran gasa.

Japan ce ta nuna cewa ana iya bin ƙa'idar ba tare da an zubar da nauyin tsinuwar ba. Seishi Yokomizo ya fara fitar da labarinsa na Ƙauyen Kaburbura Takwas a 1949. A cikinsa, mayaƙa takwas da aka ci da yaƙi a ƙarni na 16 sun fake a wani ƙauyen tsaunuka ɗauke da zinariya, mutanen ƙauyen suka karɓe su, daga baya kwaɗayi ya sa suka yi musu kisan gilla. Shugaban mayaƙan ya tsine wa ƙauyen kafin ya cika. Bayan ɗaruruwan shekaru wani jikan jagoran maƙarƙashiyar ya haukace ya kashe mutum 32 a dare ɗaya. Yokomizo ya ɗauko wannan ɓangare daga abin da ya faru da gaske kusa da Tsuyama a 1938, inda wani saurayi ya yanke wayar lantarkin ƙauyensu ya kashe mutum 30 kafin gari ya waye. Lokacin da jami'in bincike Kosuke Kindaichi ya iso, sabbin kashe-kashen da guba ake yinsu, mai yinsu kuma ɗan Adam ne da ke da buƙatarsa ta duniya. Amma ba don ƙauyen ya yi imani da tsinuwar ba da makashin bai sami mafaka ba. Mutanen da suka san kakanninsu sun ci amana a shirye suke su ga kowace gawa a matsayin biyan bashi, kuma wanda ya ɗauki mutuwa a matsayin bashi ba ya tambayar wa ya zuba guba.

Keɓewar wuri ita ce ginshiƙin da ya fi ɗaukar kaya. A fili take cewa tana hana gudu, tana hana taimako isowa, tana kuma taƙaita waɗanda za a zarga. A littafin The Woman in Black na Susan Hill, na 1983, gidan da matashin lauya Arthur Kipps ya je tattara takardun wata mamaciya hanya ɗaya ce ke kai wa gare shi, ita ma teku na shanye ta in ya ciko. A littafin Ég man þig na Yrsa Sigurðardóttir, na 2010, mutum uku ne jirgin ruwa ya sauke a Hesteyri cikin hunturu don su gyara wani tsohon gida. Hesteyri kufai ne na gaske a arewa maso yammacin ƙasar Aisland. Babu titin mota da ke zuwa can. Masana'antar kifin da ke riƙe da garin ta tsaya a 1940, mutanen ƙarshe suka tashi a 1952, gidajen suka rage a tsaye.

Sai dai babban amfanin keɓewa shi ne shirun da take haifarwa. A birni, wanda ya ga laifi zai iya kai ƙara ya koma unguwarsa inda ba a san shi ba. A ƙauyen da kowa ɗan'uwan kowa ne ko surukinsa, mai shaida zai ci gaba da haɗuwa da dangin wanda ya tona a bakin rijiya da wurin jana'iza har ƙarshen ransa. Don haka ake yin shiru, shirun ya zama gado, yaran da aka haifa daga baya su tashi sun san akwai gidan da ba a zuwa da sunan da ba a ambata, ba tare da an gaya musu dalili ba. Mutanen garin Crythin Gifford a littafin Hill duk sun san abin da ke jiran Kipps, amma da ya yi tambaya sai su kau da kai. A littafin Yrsa, akwai wani yaro da ya ɓace shekaru da yawa baya, yaro ne da ake azabtarwa a gida, 'yan ajinsu na tsangwamarsa, manya na gani. Babu wanda ya kashe shi da wuƙa a cikinsu, kuma babu wanda hannunsa ya fita.

Fim ɗin The Fog na John Carpenter, na 1980, ya kai wannan tunani ƙarshensa, domin a can garin kansa a kan laifin aka gina shi. Antonio Bay, wani ƙagaggen gari a gaɓar Kaliforniya, yana shirin bikin cika shekara 100. Limamin cocin garin ya tsinci littafin sirrin kakansa a cikin bango, ya karanta cewa a 1880 mutum shida sun kunna wutar yaudara a bakin teku don jirgin wani attajiri mai suna Blake ya daki duwatsu. Blake kuturu ne, yana neman wurin da zai zaunar da 'yan'uwansa kutare kusa da su. Sun nutsar da jirgin don ƙyama, suka kwashe zinariyarsa suka gina gari da coci. A daren bikin hazo ya taso daga teku da matattun a cikinsa, suna neman rai shida. Abin da ya ba fim ɗin ƙarfi shi ne cewa waɗanda ake bikin tunawa da su a matsayin iyayen gari su ne makasan.

A nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Marubuci mai rauni yana kiran fatalwa ta warware masa ƙullin da ya kasa warwarewa: ta bayyana a babi na ƙarshe ta nuna mai laifi da yatsa. Gwani yana barin mamaci ya tayar da tambaya kawai, amsar kuma rayayye ne zai nemo ta a tsohon hoton makaranta, ko rajistar coci, ko bakin wata tsohuwa da ta gaji da riƙe sirri. Laifin asali dole ya kasance na mutane, da dalilin da mai karatu zai gane: gado, kwaɗayi, tsoron abin kunya, ƙyamar baƙo ko mai cuta.

Mai karatu Bahaushe Musulmi yana zuwa wa waɗannan labarai da nasa sani. Fatalwa sananniya ce a hirar dare, amma malamai sun tsaya a kan cewa wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa yawo a kufai, abin da ake gani in ma an gani aikin aljanu ne. Duk da haka matsalar da labaran ke juyawa a kanta, wato kisan da aka yi a cikin jama'ar da ta ƙi ba da shaida, tsohuwar matsala ce a fiƙihu. Suratul Baƙara ta ba da labarin wanda aka kashe a cikin Bani Isra'ila, mutane suka yi ta tura wa juna laifi, har Allah Ya rayar da shi bayan an buge shi da wani sashe na saniyar da aka umarce su su yanka, abin da suke ɓoyewa ya fito. Babin ƙasama, wanda ɗaliban Risala suka sani, don irin wannan hali aka tanade shi: a mazhabar Malikiyya, in wanda aka raunata ya ambaci wanda jininsa ke wuyansa kafin ya cika, magadansa na iya yin rantsuwa hamsin a kan haka. Hanafawa kuma sun ce in an tsinci gawa a unguwa ba a san makashi ba, mutum hamsin daga mazauna wurin ne za su rantse, sannan a biya diyya. Manufar duka biyun ita ce kada jini ya tafi a banza don gari ya haɗa baki. Hausawa ma na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Masu kallo a Najeriya sun ga haka a fim ɗin Living in Bondage na 1992, inda matar da mijinta ya bayar don tsafin kuɗi ta hana shi sakat, kuma shi kaɗai ta bi.

Wannan magana ta "mai shi" ita ce inda yawancin labaran ke rabuwa da abin da shari'a ta sani. Ƙisasi yana kan wanda ya yi kisa, kuma babu ran da ke ɗaukar nauyin wani. Fatalwar ƙagaggen labari ba ta san wannan iyaka ba. Waɗanda hazo ya fara ci a Antonio Bay masunta ne uku da ba su san Blake ba, na ƙarshe kuma limamin da ya tona asirin ne, wanda laifinsa kawai shi ne jikan wani ne. Finafinai da yawa suna ratsa wannan wuri da gudu, suna barin mai kallo ya ji daɗin ramuwa kamar an yi adalci, kuma wannan aibi ne babba a fannin. Susan Hill ba ta yi haka ba. Jennet Humfrye, fatalwar littafin da ke sanye da baƙi, an zalunce ta da gaske: ta haihu ba aure, aka tilasta mata ta ba yayarta ɗan, sannan tana kallo ta taga keken dokin da ke ɗauke da yaron ya nutse a cikin laka. Amma tun bayan mutuwarta, duk lokacin da aka gan ta sai wani yaro a garin ya mutu, yaran da iyayensu ma ba su da hannu a abin da aka yi mata. Kipps ya karanta wasiƙunta, ya fahimci ciwonta, ya tausaya mata, ya koma Landan ya yi aure. Bayan wani lokaci ya sake hango ta a wurin shaƙatawa, daidai lokacin da matarsa da ɗansu ke kan keken doki. Yaron ya mutu nan take, matar ta bi shi bayan wata goma.