Raddi Ga Masu Cewa Kano Ba Ta Da Rabo A Tarihin Ceton Matuƙan Jiragen Yaƙi

Akwai wata magana da ta samu gindin zama a bakin wasu 'yan boko na cikin birni. Da an ɗauko zancen waɗanda suka ceci matuƙan jiragen sama a Yaƙin Duniya na Biyu, sai su ce ai wannan tarihin Turai ne. Can ne 'yar Beljiyam Andrée de Jongh da mutanenta suka tsallakar da ɗaruruwan sojojin sama zuwa Sifen, su kuwa Kanawa gyaɗa da fata kawai suka bayar. Hujjojin nasu ba sa jure bincike.

Sun ce yaƙin sama bai zo nan ba. To jiragen da mutanen Dala da Madabo suka riƙa ɗaga kai suna kallo fa? Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta yi haɗari. Sai Ingila ta koma kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartoum har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Kano ta zame musu zango, yadda ta daɗe tana zame wa fataken Agadas.

A dubi jiragen da kyau. Hurricane mutum ɗaya yake ɗauka, don haka biyar ko shida sukan bi bayan Blenheim guda mai ɗauke da masanin hanya. In hazo ya sauka, ko injin ya tsaya, sai saukar dole a daji. Shi ya sa ake shafa musu farin fenti a gadon baya da wutsiya, don masu nema su hango su daga sama. Wanda ya ba da umarnin fentin ya san wasu ba za su kai ba. Kuma wa zai riga isa ga jirgin da ya faɗi tsakanin Kano da Borno? Hankali ma ya isa ya ba da amsa: manomi ne ko makiyayi, daga shi sai mai unguwa, dagaci, hakimi, kafin labari ya kai kunnen Di'o.

Sun kuma ce babu abokan gaba a kusa, balle a yi zancen bayan layinsu. Wannan rashin duba taswira ne. Har zuwa Nuwamban 1942 Nijar tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa mai ɗasawa da Hitila, iyakarta kuwa ba ta kai kilomita 150 daga Ƙofar Mazugal ba. Matuƙin da hazo ya karkatar zuwa Damagaram ko Maraɗi ya faɗa hannun masu tsare Ingilishi, waɗanda suka kai ma'aikatan jiragen ruwan Ingila har Tumbutu suka kulle. Chadi kuwa ta bi de Gaulle mai adawa da Vichy tun Agustan 1940, ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, ita ma ba ta tsira ba: a Janairun 1942 wani jirgin Jamus ya zubo bama-bamai a Fort Lamy. Abin dariya, a hanyar komawa mai ya ƙare masa a hamada, matuƙansa ma sai da aka zo aka cece su.

Sannan ga Boma. A 1944 bataliya uku na sojan Najeriya suna cikin dakarun Chindits da aka sauke a bayan Japanawa, suna gadin sansanoni da filayen da ƙananan jirage ke kwashe masu rauni. A wannan fage ne, cikin Afrilu, Ba'amurke Carter Harman ya ɗauko wani matuƙi da sojoji uku da jirgi mai saukar ungulu, karo na farko a tarihin yaƙi. Ba ɗan Kano ne ya tuƙa ba, gaskiya ne, amma 'yan'uwansa suna dajin.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce abin da ba a rubuta ba, bai faru ba. Labarin wani sojan Najeriya, Isaac Fadoyebo, ya ishe su amsa. Japanawa sun harbe shi a bakin kogin Kaladan na Boma a Maris ɗin 1944, wani Musulmi ɗan ƙauye mai suna Shuyiman ya ɓoye shi wata da watanni tare da wani sojan Saliyo. Labarin bai fito a littafi ba sai 1999. Shekara 55 yana nan gaskiya, ba a dai tambaya ba ne.

Don haka ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero su buɗe fayilolin Lardin Kano a ma'adanar tarihi ta Kaduna, su leƙa Gidan Ɗan Hausa, sannan su shiga zauruka da rakoda. Yaron da yake ɗan shekara 10 a 1942 yau ya haura 90.